Zama da Maɗaukin Kanwa a Zamanin Intanet

Tun zamanin kakanninmu, kowane gari a ƙasar Hausa yana da wuraren da mai mutunci ba ya son a ga takalminsa a ƙofarsu, irin su gidan magajiya da mashaya da rumfar 'yan caca, kuma duk wanda aka ga yana yawan zarya can, ko da bai taɓa riƙa karta da hannunsa ba, sai alƙali ya yi ɗari-ɗari da shaidarsa, iyayen 'yan mata kuma su ja ƙafa idan ya aiko neman aure, domin malaman fiƙihu sun lissafa muru'a, wato kame kai daga abin da ke zubar da girma, cikin sharuɗɗan adalcin mai shaida. A yau waɗannan wurare sun taso daga bayan gari sun tare cikin aljihu. Zaure guda a WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, na Telegram kuwa har 200,000, kuma a cikinsu akwai na ilimi da zumunci da kasuwanci, akwai kuma waɗanda ba su da wani aiki face yaɗa hotunan tsiraicin mata ba da saninsu ba, ko cin naman malamai, ko hura wutar ƙabilanci, ko koyar da damfara.

Wanda aka samu a irin waɗannan zauruka yakan kawo ɗaya daga uzurori biyu. Na taɓa zama a teburin mai shayi kusa da wani saurayi da abokansa suka tsare da tambaya, yana juya waya a hannu, yana rantsuwa da Allah cewa shi sa shi aka yi, kuma tun da ya shiga bai taɓa rubuta ko harafi ba, kallo kawai yake yi. Uzurin farko yana da ƙarfi a ranar farko kaɗai, gama wanda aka jefa cikin zaure ba da izininsa ba yana da ikon fita cikin ƙiftawar ido, saboda haka zamansa na wata shida zaɓinsa ne. Na biyu kuwa shi ne ya fi rauni, domin mai irin wannan zaure ba shi da jari sai yawan 'yan kallo: da su yake alfahari, da su yake samun talla da kuɗin shiga, kuma kowace lamba da ta ƙaru a jerin mambobi ƙarin azaba ce ga baiwar Allah da ake yawo da hotonta.

Ƙasar Koriya ta Kudu ta ɗanɗana wannan darasi da ɗaci. A watan Maris na 2020 aka kama wani matashi mai suna Cho Ju-bin, wanda ya riƙa tilasta wa mata, har da ƙananan yara, ɗaukar hotunan wulaƙanci ta hanyar barazana, yana sayar da damar kallo a zaurukan Telegram. Kotu ta ɗaure shi shekara 40, daga baya hukuncin ya tabbata a kan 42. Amma abin da ya fi girgiza jama'ar ƙasar shi ne dubban mazan da suka biya suka kalla, alhali kowannensu yana ganin hannunsa a wanke yake, har majalisar dokoki ta gyara doka a wannan shekara, ta mai da ajiye irin waɗannan hotuna da ma kallonsu laifin da ke kai mutum kurkuku. A Nijeriya ma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta ajiye hotunan batsa na yara a kwamfuta ko waya. Shari'armu kuwa ta riga su nisa, domin Suratun Nisa'i ta hana zama a majalisin da ake izgili da ayoyin Allah, ta kuma daidaita mai zaman da masu izgilin, malamai suka fitar daga nan cewa halartar munkari da yarda tarayya ce a cikinsa.

Sai dai wajibi ne mu duba yadda muke raba abin kunyar nan, gama sau da yawa muna ɗora shi inda bai dace ba. Yarinyar da aka yaudara aka yaɗa hotonta ita ce ake nunawa da baki, aurenta ya mutu, ta daina fita ko makarantar Islamiyya, alhali mazan da suka kalla suka tura wa abokai suna sahun gaba a masallaci babu mai ce musu uffan. Haka kuma akan sami wanda zai ɗauki hoton jerin mambobi ya aika wa surukan wani don ya tozarta shi, ba tare da ya san ko ɗan jarida ne mai bincike, ko uba ne mai bin sawun ɗansa, ko wanda aka jefa jiya da dare. Suratul Hujurati ta hana mummunan zato da tajassusi da giba a aya guda, saboda haka ba a gyara ɓarna da tonon asiri. Nasiha a keɓe da sutura su ne tafarkin magabata, kuma wanda ya fita ya tuba ba a yi masa gori da abin da ya wuce.

Ya kai mai karatu, ɗauki wayarka yau ka bi zaurukan da kake ciki ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka ko za ka yarda mahaifiyarka ta zauna kusa da kai tana gani. Wanda ka ji kunyarsa, ka fita daga cikinsa, ka goge abin da ya bari a wayarka, idan kuma ana cutar da wani a ciki ka sanar da hukuma, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.