Guba a Makiyaya: Ina Gaskiyar, Ina Jita-jitar?

Da zarar ruwan farko ya sauka, ko kuma bayan girbi lokacin da ake sakin dabbobi cikin gonaki, sai saƙonni masu kama da juna su cika wayoyin mutane. Hoton shanu ne a kwance, ciki a kumbure, ga murya a ƙasa tana cewa an zuba guba a ciyawa, a yaɗa don Allah. Wani saƙon ya ce wata baƙuwar ciyawa aka shigo da ita don a ƙarar da dukiyar makiyaya. Wani kuma ya ce hukumar gona ta san komai, amma an hana ma'aikatanta buɗe baki a Facebook da WhatsApp. Sau da yawa mutuwar dabbobin gaskiya ce, kuma asara ce mai ciwo, domin saniya ɗaya kan zama jarin gida guda. Abin da ke buƙatar tankaɗe da rairaya shi ne bayanin da ake liƙa wa mutuwar, saboda bayanin ƙarya yana hana a ceci sauran garken, wani lokaci ma yana jawo asarar ran ɗan Adam.

Maganar da ta fi yawo ita ce, wai shanu ba za su faɗi da yawa a lokaci guda ba sai da hannun mutum. Wannan ba haka ba ne, kuma babbar shaida tana cikin gonakinmu. Dawa, wadda muke ci muke ba dabbobi karanta, tana ɗauke da wani sinadari a ganyenta lokacin da take ƙarama. Idan dabba ta tauna ganyen ya isa tumbi, ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a can sai su saki gubar sayanayid daga cikinsa. Wannan guba tana hana jiki amfani da iskar da dabba ta shaƙa. Saniya za ta fara haki, miyau na dalala, jiki na rawa, ta yi tangaɗi ta faɗi, kuma tana iya mutuwa cikin mintuna kaɗan ko awa ɗaya zuwa biyu. Garken da ya faɗa gona ɗaya a lokaci ɗaya da yunwa a cikinsa, tare zai kwanta. Shanu da tumaki da awaki sun fi doki da jaki shiga wannan haɗari saboda yanayin tumbinsu.

Ba kowace dawa ce ke kisa ba, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa. Haɗarin yana ga wadda ba ta kai kamar santimita 60 ba, da gyauro, wato tohon da ke fitowa daga tushen kara bayan an yanke, da wadda fari ya ƙone ta sannan ruwa ya sauko ta sake tohowa, da wadda aka zuba wa takin zamani da yawa. Tsofaffin makiyaya sun san wannan tun kafin a kafa wata hukuma, shi ya sa suke kore shanu daga gyauron dawa. Karan da ya nuna aka yanke ya bushe sosai, yawancin gubar ta fita daga cikinsa. Saboda haka saƙon da ke cewa a daina ba dabbobi karan dawa kwata-kwata ya wuce gona da iri, kuma zai cutar da mai kiwon da ba shi da wani abin bayarwa da rani. Haka ɓawon rogo mai ɗaci yake: ɗanyensa yana da irin wannan guba, shanya shi a rana yana rage ta ƙwarai.

Gero ba ya tara sayanayid kamar dawa, wannan gaskiya ne. Sai dai gero da masara da wasu ciyayi suna iya tara sinadarin naitiret idan an cika taki kuma ruwa ya ɗauke, shi kuwa bushewa ba ta kawar da shi. Likita yana bambanta su da launi: a gubar sayanayid dasashi da jini sukan yi ja wur, a ta naitiret jinin yakan koma ruwan ƙasa. Maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Shi kansa takin yuriya, idan shanu suka lashi buhun da aka bari a gona ko suka sha ruwan saman da ya taru da shi, yana kashe su cikin gaggawa ba tare da kowa ya yi nufin haka ba.

Akwai masu cewa dabba ta san abin da zai cutar da ita, ba sai an tsare ta ba. Rabin gaskiya ke nan. Dabbar da ta tashi a wuri takan koyi kauce wa wasu tsirrai tana bin uwarta. Amma wadda aka sayo daga wata kasuwa mai nisa, ko garken da ya yi doguwar tafiya ya iso sabon daji da yunwa, abin da ya fara gani kore shi zai kai wa baki. Tururibi misali ne. Tsiro ne mai fure ruwan ɗorawa da ke da tushe mai ƙarfi a ƙasa, yana riga ciyawa fitowa bayan an ƙone daji. A lokacin babu wani kore sai shi, kuma yana ƙone hanjin dabba ya jawo zawo mai tsanani da mutuwa. Samberu ma haka, ganyensa yana taɓa zuciya, kuma ba sai dabba ta ci da yawa ba. Zaƙami da 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu duk suna da guba. Tunfafiya kuwa ana zuzuta ta fiye da kima: tana da sinadaran da ke cutar da zuciya, ruwanta yana lalata ido, amma awaki kan tsinci furenta da busasshen ganyenta da rani ba su mutu ba. Yawan abin da aka ci shi ne ma'auni.

Duk waɗannan ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Wani likita mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafi a kan tsirran Afirka ta Yamma da amfaninsu da illarsu. Saboda haka zancen wai an shigo da sabuwar ciyawa don a kashe shanu ba shi da tushe. Gaskiya ne akwai tsirran da asalinsu na waje ne, kamar lantana, wadda ta fito daga nahiyar Amurka aka yaɗa ta a duniya don adon shinge. Tana lalata hantar shanu, ido ya yi ɗorawa, fata ta riƙa saɓulewa idan rana ta buge ta. Amma ta daɗe a nan, kuma masu son fure ne suka kawo ta. Abin da ya canja a zamaninmu shi ne burtali ya ƙuntata, makiyaya ta ragu, dabbobi suna cin abin da a da suke wucewa.

Sai batun magani. Ana tura saƙo cewa duk dabbar da ta ci guba a ɗura mata manja ko madara ko ruwan kanwa. Mai yana da amfani a wuri ɗaya, wato kumburin ciki mai kumfa, irin wanda ke samun dabbar da ta cika tumbi da ɗanyen ganyen wake ko sabuwar ciyawa mai laima. Man gyaɗa yana fasa kumfar, iska ta samu hanyar fita. Amma mai ba ya karya sayanayid, ba ya karya naitiret. Waɗannan allura suke buƙata ta jijiya, kuma likitan dabbobi ne ke yin ta. Ɗura wa dabbar da ke haki ruwa ko mai yana iya tura shi cikin huhu, a kashe wadda da za ta tashi. Abin da mai kiwo zai yi da hannunsa nan take shi ne ya fitar da sauran garken daga wurin, ya bar waɗanda suka kamu a inuwa ba tare da kora ko guje-guje ba, ya aika a kira likita.

Shawarar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda ke cewa a yi maza a yanka a sayar da naman don a rage asara. Ba duk mutuwar farat ɗaya ce daga tsiro ba. Ciwon harbin daji yana kisa da sauri. Tsawa tana kashe garke a ƙarƙashin bishiya ɗaya. Sannan ga ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, mai kama mutum ta hanyar fiɗa da taɓa fata da cin nama. A watan Yunin 2023 ya ɓulla a arewacin Gana har aka rasa rai, a watan Yulin shekarar kuma hukumomin Nijeriya suka tabbatar da shi a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja, bayan gwajin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Alamarsa ita ce baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, gawa kuma ta kumbura da wuri. Irin wannan gawa ba a farke ta, domin ƙwayar cutar idan ta sha iska takan yi ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru masu yawa. Ƙonewa ake yi ko a binne da zurfi. Wanda ya yarda da saƙon "guba ce aka zuba" ya fiɗe gawa don ya nuna wa duniya a hoto, yana iya shuka cutar a makiyayar da 'ya'yansa za su yi kiwo. Akwai rigakafinta, kuma a Vom ake yin sa.

To, ana zuba wa dabbobi guba da gangan? Yana faruwa, kuma ƙarya ce a ce ba ya faruwa. Inda gaba ta yi tsami tsakanin manomi da makiyayi, akan samu mai mugun nufi. Haka kuma maganin feshi yana kashe dabbar da ta shiga gonar da aka fesa, ko ta sha ruwan da aka wanke tankin feshi a ciki, ko da manomin bai yi niyya ba. Ciyawar da maganin ya sa ta yanƙwane ma takan fi jan dabba. Amma hoto ba ya bambanta duk waɗannan. Saniyar da gyauro ya kashe da wadda aka sa wa guba kamanninsu ɗaya a waya. Gwajin abin da ke cikin tumbi da jini da ciyawar wurin ne kaɗai ke raba gardama, kuma sayanayid yana bin iska da sauri, don haka awannin da aka ɓata ana ɗaukar bidiyo ana tura shi, shaidar da za ta wanke wani ko ta kama mai laifi tana gushewa.

Daga nan ne za a fahimci dalilin da ya sa ma'aikatan hukumomin gona da na kiwo suke taka-tsantsan a kafofin sada zumunta. Malamin gona ko ma'aikacin asibitin dabbobi bai kamata ya yanke hukunci a kan musabbabin mutuwa a fili kafin sakamakon gwaji ba, ko ya ambaci sunan wanda ake zargi, ko ya jingina laifi ga wata ƙabila ko wani ƙauye, ko ya tallata magani da sunan hukuma. Ma'aikacin gwamnati dama ba ya magana da yawun ofishinsa sai da izini. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin rufa-rufa, ni kuwa ina ganin kariya ce ga kowa. A Nuwamban 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka ƙara rura rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar, har aka gano ɗaya daga cikin hotunan an ɗauke shi ne a Kwango-Barazabil tun 2012. 'Yan sandan jihar da kansu sun danganta wasu kashe-kashen da waɗannan hotuna. Idan maganar mutumin gari ta yi wannan ɓarna, ta mai kakin hukuma za ta fi.

Ƙarya ce kuma a ce duk wanda ya ba da labarin mutuwar dabbobinsa za a kama shi. Doka ma ta ɗora wa mai dabba alhakin kai rahoto idan ya ga alamar cuta mai yaɗuwa. Abin da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta shi ne mutum ya tura saƙon da ya san ƙarya ne da nufin tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Wanda ya rubuta cewa shanu sun mutu a wuri kaza, ranar kaza, a kauce wa wurin, an sanar da likita, ya yi wa jama'a hidima. Wanda ya ƙara da "mutanen ƙauye kaza ne suka yi" ba tare da shaida ba, shi ne ya shiga hurumin doka da na Allah.

Sai dai hukumomin ma suna da nasu nauyin. Shirun da ya wuce kwana biyu shi ne ke ba jita-jita wuri. Ba sai an jira sakamakon gwaji ba kafin a ce wa jama'a an je wurin, an ɗauki samfur, kada a ci naman. Ilimin yana nan a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika da sashen wayar da kan manoma na Jami'ar Ahmadu Bello, ga hukumomin raya karkara na jihohi irin su KNARDA ta Kano, ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024. Gargaɗin gyauro da tururibi da yuriya ya kamata ya riƙa fita da Hausa da Fulatanci, a rediyo da saƙon murya, makonni kafin faɗuwar damina da kafin girbi, tare da hoton kowane tsiro da sunan da makiyayi ya san shi da shi.

Kai kuma mai karatu, idan irin wannan saƙo ya shigo wayarka, tambayi wanda ya turo: a wane gari ne, yaushe, kuma wane likita ya duba? Idan bai sani ba, kada ka tura gaba. Idan kuwa dabbobinka ne suka faɗi, janye garken, kada ka yanka, kada ka farke gawa, ka ɗebi ciyawar da suka ci ka ajiye, ka kira likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku da mai unguwa kafin ka ɗauki waya don wani abu daban.