Yadda ake zaɓar faifai da takalman birki ga mota mai ƙarfin gudu

Duk wanda ya mallaki mota mai ƙarfin gudu irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro, BMW M3 ko Porsche 911, ranar da birkinta ya fara ƙara, ko sitiyari ya soma karkarwa idan an taka, yakan tsinci kansa gaban zaɓi mai rikitarwa. Mai kanti zai jero masa faifai mai huji da mai kwarmi, da takalman da aka rubuta wa sunan tsere a jikin kwali, kowanne da farashinsa. Ido kan tafi ga mafi kyan gani ko mafi tsada, alhali motar ba ta taɓa shiga filin tsere ba. Iyakarta kai-komo cikin gari, sai tafiya jefi-jefi a babbar hanya.

Zaɓin da ya dace ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: wane irin birki kamfani ya ɗaura wa wannan motar takamaimai, kuma wane irin zafi birkin zai riƙa fuskanta a tuƙin yau da kullum?

Aikin birki shi ne sarrafa zafi

Faifan birki, wanda makanikai ke kira diski, ƙarfe ne mai da'ira da ke juyawa tare da taya. Takalman birki kuwa, waɗanda aka fi sani da birki-fad a gareji, su ne guda biyun da ke matse faifan ta kowane gefe. Abin da ke riƙe da su shi ake kira kalifa, kuma a cikinsa akwai fistin da man birki ke turawa idan direba ya taka. Gogayyar da ke faruwa tsakanin faifai da takalmi ita ce ke mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi.

Zafin ba kaɗan ba ne. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan ta tsaya daga gudun kilomita 100 a awa, zafin da birkinta ke fitarwa cikin daƙiƙu kaɗan ya isa ya tafasa ruwa kusan lita biyu. Idan gudun ya koma kilomita 200, zafin yakan ninka sau huɗu. Wannan ne dalilin da birkin faifai ya samu karɓuwa tun bayan da Jaguar C-Type ta lashe gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1953 da faifan kamfanin Dunlop, domin faifai a buɗe yake, iska na ratsa shi yana hucewa da wuri.

Sai dai akwai abin da masu motoci da dama ba su lura da shi ba. Duk birki mai lafiya yana da ƙarfin da zai kai taya ga iyakar kamunta da kwalta, har na'urar ABS ta fara aiki. Daga nan tsawon nisan tsayawa ya koma hannun taya. Faifai mafi girma ko takalmi mafi tsada ba ya rage nisan tsayawar farko da wani abin a-zo-a-gani. Abin da yake ƙarawa shi ne juriya idan ana ta maimaita taka birki da ƙarfi, kamar yadda ake yi a filin tsere. A titin Najeriya kuwa, inda iyakar gudun motar gida a babbar hanya take kilomita 100 a awa, birkin da kamfani ya tsara wa irin waɗannan motoci ya wadatar, har da rara.

A fara da sanin ainihin motar

Sunan mota da shekararta ba su isa a sayi kayan birki ba. Ford Mustang GT ta 2015 misali ce mai kyau. Wadda aka saba sayarwa a Amurka tana zuwa da faifan gaba mai faɗin milimita 352 da kalifa mai fistin huɗu. Wadda aka ƙara wa tsarin Performance Pack kuma faifanta milimita 380 ne, da kalifar Brembo mai fistin shida. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma faifai da takalmin wannan ba sa shiga waccan.

Saboda haka a nemi kaya da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Da yake akasarin waɗannan motoci na hannu ake shigowa da su, mai yiwuwa wanda ya riƙe motar a baya ya sauya mata birki. Ya kamata a cire taya a auna faɗi da kaurin faifan, a kuma gwada siffar tsohon takalmi da sabo kafin a biya kuɗi. Motocin BMW da Porsche suna da ƴar wayar gargaɗi da ke maƙale a jikin takalmi, kuma idan ta riga ta kunna fitila a dashbod, ita ma sabuwa ake sakawa.

A jikin kowane faifai kamfani kan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, galibi da alamar MIN TH. Idan ma'auni ya nuna an kai wannan adadi, ko faifan ya yi zurfin kwari, ko ya tsage, to aikinsa ya ƙare. Takalmi kuwa ana sauya shi ne idan naman da ya rage ya kusa milimita uku.

Takalmi ne ya fi sauya halin birki

Takalman titi sun kasu kusan gida uku. Akwai masu laushi da aka haɗa da zare da roba da danƙo, waɗanda ba su da ƙara kuma ba sa cin faifai, amma ba sa jure zafi mai yawa. Akwai masu garin ƙarfe, waɗanda suka fi kamu da juriya, sai dai suna baƙanta wili da ƙura, wani lokaci kuma su yi ƙara. Sai na siramik, masu tsafta da shiru da daɗewa, kodayake da yawa daga cikinsu ba su kai masu ƙarfe cizo ba idan aiki ya tsananta. Ga mota mai nauyi da ƙarfi kamar Mustang, takalmin kamfani ko mai garin ƙarfe da aka yi domin titi shi ya fi dacewa. Wanda tuƙinsa na cikin gari ne kawai, kuma ƙura ta dame shi, na siramik mai inganci zai yi masa.

Takalmin tsere daban yake. An haɗa shi ne ya yi aiki cikin zafin ɗaruruwan digiri, kuma akwai nau'o'insa da ba sa kama faifai sosai sai sun yi zafi. A titi kuwa, tsayawar da ta fi muhimmanci sau da yawa ita ce wadda ke zuwa ba zato, lokacin da yaro ko ɗan acaɓa ya gitta, birki kuma yana da sanyi. Ban da haka, irin wannan takalmi yana kankare faifai idan bai yi zafi ba, ga ƙara mai damun kunne.

A gefen takalma da yawa, musamman na kasuwar Amurka, akwai haruffa biyu kamar FF ko GG. Harafin farko yana nuna ƙarfin kamu a matsakaicin zafi, na biyu kuma a zafi mai yawa. E na nufin awon gogayya tsakanin 0.25 da 0.35, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. Takalmi mai FE ke nan kamunsa yakan ragu idan ya yi zafi. Kada a sayi wanda haruffansa suka gaza na ainihi.

Faifai: sumul, mai kwarmi ko mai huji

Faifan zubin ƙarfe mai sumul, wanda ke da ƙofofin iska a tsakiya, shi ne ya fi araha da daɗewa, kuma ya ishi kowane tuƙin titi. Mai kwarmi yana share ƙura da ruwa daga fuskar takalmi, amma yana cinye shi da ɗan sauri. Mai huji yana da kyan gani kuma yana taimakawa cikin ruwan sama, sai dai tsagewa takan fara ne daga bakin hujin idan zafi ya yawaita, musamman a faifai mai araha da aka huda bayan an gama ƙera shi. Idan kamfani ne ya ɗaura mai huji tun asali, kamar yadda Porsche ke yi wa 911, a maye gurbinsa da makamancinsa a inganci. Wasu fayafayan suna da na dama da na hagu, domin ƙofofin iskarsu a karkace suke, kuma idan aka juya su ba sa hucewa yadda ya kamata.

Akwai kuma faifan kabon da siramik, wanda Porsche ta ɗaura wa 911 GT2 a 2001. Nauyinsa kusan rabin na ƙarfe ne, yana daɗewa matuƙa a titi, amma tsadarsa ta ninka ta ƙarfe sau da yawa, kuma takalminsa na musamman ne. Kada a rikita shi da takalmin siramik na yau da kullum, wanda faifan ƙarfe aka yi wa.

Alamar inganci da matsalar jabu

A Turai akwai ƙa'idar ECE R90, wadda ta wajabta cewa aikin takalmin canji kada ya kauce wa na ainihi da fiye da kashi 15 cikin 100, kuma daga baya an faɗaɗa ta ta haɗa da fayafayai. Kayan da suka cika ta suna ɗauke da harafin E da lamba mai 90R. Kamfanoni irin su Brembo, ATE, Textar, Ferodo da Akebono sun yi suna a wannan fanni, kuma sunan nasu ne ya sa ake kwaikwayon kwalayensu. Ko a Ƙofar Ruwa a Kano ne, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, farashin da ya yi ƙasa da na saura nesa ba kusa ba abin tuhuma ne, domin araha ba ta ado. Takalmin Beljiyam da aka ciro daga wata mota shi ma ba abin dogaro ba ne, tunda ba a san zafin da ya sha ba.

Ɗauri mai kyau da horar da sabon birki

Ana sauya faifai da takalmi ne dama da hagu a lokaci guda, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe ɗaya. Sabon faifai kuma sabon takalmi yake buƙata. Kafin a ɗaura, a goge tsatsa da datti daga mazaunin faifan, a kuma ɗaure notocin taya da sifana mai ma'auni. Yawancin karkarwar da ake ɗora wa lanƙwasar faifai daga ƙazantar mazauni take farawa, ko daga naman takalmi da ya manne a wuri ɗaya.

Man birki ma yana cikin lissafi, domin yana tsotsar danshi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa ƙa'idar takan sauko zuwa 155. Man da ya tafasa kuwa shi ke sa a taka birki ƙafa ta nutse. Kamfanoni da yawa sun ba da shawarar sauya shi duk shekara biyu. Ana iya haɗa DOT 4 da DOT 5.1, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su.

Daga ƙarshe sai horarwa, wato a bar takalmi ya shimfiɗa siririn namansa daidai a fuskar faifai. Ana yin haka ne a hanyar da babu cunkoso, ta hanyar rage gudu da matsakaicin ƙarfi sau da dama ba tare da tsayawa cak ba, sannan a ci gaba da tafiya har birkin ya huce. Idan kwalin takalmin ya zo da nasa umarni, shi za a bi. Mai motar da kuɗinsa bai kai ga komai a lokaci guda ba, gara ya sayi faifai mai sumul da takalmi na gaske da sabon mai, abin da ya rage kuma ya sa shi a taya masu kyau.