Dalma a Ƙugu: Ɗamarar da Ke Daidaita Faɗowa Daga Sama

Ranar 8 ga Fabrairun 2006, mutum 400 suka diro daga jiragen soja biyar a sararin samaniyar Udon Thani ta ƙasar Tailan, suka tarar da juna a cikin iska, kowa ya kama hannu ko ƙafar na kusa da shi, suka tsaya a haka na 'yan daƙiƙoƙi kafin su watse su buɗe laimominsu. Mai kallon hoton zai yaba jarumtarsu. Amma tambayar da ta fi jarumtar wuya ita ce yadda aka yi ƙato mai kilo 95 da siririyar mace mai kilo 50 suka faɗo da gudu ɗaya. Wani ɓangare na amsar yana ɗaure a ƙugun marasa nauyin cikinsu: ɗamara ce cike da ƙwayoyin dalma.

Wanda ya yi kimiyya a sakandare zai ce ai Galileo ya daɗe da rufe wannan babi, mai nauyi da marar nauyi tare suke isa ƙasa. Gaskiya ne, amma inda babu iska. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, suka taɓa ƙasa lokaci guda. A nan duniyarmu kuwa iska tana tirjiya, kuma tirjiyar tana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa: gudu ya ninka biyu, tirjiya ta ninka huɗu. Mutum yana barin ƙofar jirgi gudunsa yana ta hawa, har zuwa wajen daƙiƙa goma sha biyu, inda turin iska daga ƙasa zai yi kunnen doki da nauyinsa. Daga nan gudun ba ya ƙaruwa. Ga mai faɗowa rub da ciki, wannan iyaka tana kusa da kilomita 190 zuwa 200 a awa. Abu biyu ne suke yanke ta: nauyin mutum tare da kayansa, da kuma faɗin jikin da ya shimfiɗa wa iska. Dogo siriri yana da faɗi ba nauyi, sai ya riƙa yin sama yana barin abokansa. Gajere mai ƙiba kuwa nutsewa yake yi.

Bari mu buga lissafin, domin a cikinsa ne mutum zai gane abin da ɗamarar za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Ɗauki mace mai kilo 55, kayan laimarta kilo 10, jimla 65. Ta ɗaura kilo 5 na dalma, ta zama 70. Nauyi ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari, amma gudu bai ƙaru da ko kashi 4 cikakke ba, wato wajen kilomita 7 a awa. Kamar ba komai. To amma kilomita 7 a awa kusan mita biyu ne a kowace daƙiƙa. A gasar 'yan hurhuɗu, inda ake dirowa daga ƙafa 10,500 kuma ake ba ƙungiya daƙiƙa 35 kacal ta jera siffofi iya yawan da za ta iya, wanda yake nisanta da abokansa da mita biyu duk daƙiƙa ai ba ya cikin wasan. Duk ƙarfinsa zai ƙare ne wajen lanƙwasa baya don ya riske su, babu sauran na juyawa ko kama hannu.

Wannan lissafi ya nuna wani abu kuma: dalma tana da rowa. Mai nauyin matar nan da yake neman ƙarin kilomita 20 a awa daga nauyi kawai sai ya ɗauki wajen kilo 14, lodin da ba mai hankalin da zai sauka da shi. Shi ya sa tsofaffin hannu a filayen wasan, irin su Eloy a Arizona da DeLand a Fulorida da Empuriabrava a Sifaniya, suke fara tambayar sabon shiga irin rigar da yake sawa. Rigar tsalle mai kama jiki, ta lailan mai santsi, tana ƙara gudu ba tare da ƙarin giram ɗaya ba. Mai burmi-burmi ta yadi mai kauri tana rage shi, kuma ita ake ba masu jiki. Akwai adalci a nan da ake yawan mantawa: bai kamata ƙaramin cikin ƙungiya shi kaɗai ya sha lodi ba alhali manyan suna sanye da riguna masu santsi. A haɗu a tsakiya. Sai an gama da riga da gyaran kwanciyar jiki sannan a zo maganar ɗamara.

Idan an zo ɗin, me za a zuba a ciki? Nauyin dalma ya kai giram 11.3 a kowane santimita kubik, na ƙarfe 7.8, busasshen yashi kuwa wajen 1.6. Kilo biyar na ƙwayoyin dalma, har da sararin da ke tsakaninsu, bai wuce cikin ledar fiya wata ɗaya da rabi ba. Na ƙwayoyin ƙarfe zai ɗan haura leda biyu, na yashi kuwa leda shida. Yashi kyauta ne, amma mai ɗaura leda shida a ƙugu ya ƙara wa kansa faɗin da zai rage amfanin nauyin, ga shi kuma ya tokare kayan laima. Ƙarfe yana da sauƙin kuɗi kuma ba shi da guba, sai dai gumi yana sa shi tsatsa, in ba irin marar tsatsa aka samu ba, shi kuwa da tsada. Akwai tangistan, mai giram 19.3, wanda ya fi kowa ƙanƙanta, amma kuɗinsa ya fitar da shi daga zancen araha. Saboda haka yawanci ake komawa ga dalma. A Amurka ana sayar da ƙwayoyinta cikin buhu mai laba 25, kilo 11 da 'yan kai, don masu ɗura harsashin bindigar farauta da kansu, kuma buhu ɗaya yana isar mutum biyu ko uku. Abin da ke tsadar da ɗamarar kanti ba dalmar ba ce sosai, aikin ɗinki ne da kuɗin aiko kaya mai nauyi. Mai wayo yakan sayi ɗamarar ba komai a ciki, ya cika ta a gida.

Mai karatu a Arewa ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da hannun yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Don haka wanda ya zo da shawarar a fasa tsohon batirin mota a narka dalmarsa a tsakar gida don a rage kuɗi, a ba shi haƙuri. Ƙwayoyin da aka saya ma suna gogar juna suna fitar da baƙar ƙura. A zuba su a leda mai kauri a liƙe bakin, a sa ledar cikin ƙaramar jaka ta yadi mai ƙarfi, a ɗinke, a wanke hannu, kuma kada a bar ɗamarar inda yara za su mai da ita abin wasa.

Ƙananan jakunkunan nan, kowace rabin kilo ko kilo ɗaya, su ne hikimar abin. Yau kana tsalle da masu jiki ka sa shida, gobe da sirara ka cire uku. Kuma kowace jaka da aljihunta, domin ƙwayoyin da aka sake a doguwar jaka guda za su gangara gefe ɗaya, mutum ya riƙa juyawa a iska bai san dalili ba. Yadin da aka saba amfani da shi shi ne Cordura, irin wanda ake ɗinka jakar laimar kanta da shi, zaren kuma na lailan. Zaren auduga gumi yana ruɓar da shi.

Yanzu ga inda nake ganin masu neman araha suke yin kuskure mafi girma, wato kan ɗamarar da ɗinkin da ke riƙe da shi. Ana neman abu biyu masu karo da juna daga wannan ɗan ƙarfe. Na farko, kada ya kuskura ya buɗe a sama. Lokacin da laima take buɗewa, jiki yana shan fizga da ta kai ninki uku zuwa huɗu na nauyinsa, ma'ana kilo biyar ya koma goma sha biyar ko ashirin yana jan ɗinkin nan take. Idan ta tsinke, curin dalma ne zai sauko daga mita dubu a kan rufin wani ko kan wani. Dokar jiragen sama ta Amurka ta hana matuƙi barin a jefo wani abu daga jirgi da zai zama haɗari ga mutane ko dukiya, kuma ba sai da doka ba hankali ya san haka. Na biyu, dole kan ɗamarar ya buɗe cikin daƙiƙa ɗaya da hannu ɗaya idan mutum ya faɗa ruwa. A Dubai ana tsalle ne a kan tsibirin Palm Jumeirah, teku ta kowane gefe. Empuriabrava ma a bakin teku take. Wanda iska ta kai shi ruwa da kilo shida a ƙugu, ga laima ta jiƙe ta rufe shi, ba shi da lokacin kwance ƙulli.

Wannan ne ya sa ɗamarar masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, wadda ta fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, ba ta dace ba. An ƙera kanta ne don ya buɗe da ɗan taɓi, abin da gwiwar hannun abokin tsalle ko bakin ƙofar jirgi za su iya yi masa. Ga kuma dunƙulallun tubalan dalma da take ɗauke da su, waɗanda idan sauka ta baci aka bugu da ƙasa za su iya karya haƙarƙari ko ƙashin ƙugu. Ƙwayoyi suna bin jiki, tubali ba ya bi. Velcro, maƙalin nan mai mannewa, shi kaɗai ma ba abin dogaro ba ne, yana tsufa, ciyawa da ƙura suna kashe shi. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyu: Velcro ya riƙe ɗamarar ta zauna daram, sannan kan ƙarfe ko na roba mai ƙwari, wanda sai an matsa shi da gangan yake buɗewa, ya zama shi ne mai ɗaukar fizgar.

Akwai masu fifita 'yar shara mai aljihuna a kan ɗamara. Tana raba nauyi a ƙirji da baya, kuma ba ta damun ƙugu. Amma ana sa ta ne a ƙarƙashin riga da igiyoyin laima, don haka babu hanyar yar da ita a ruwa, kuma tana ɗaga nauyin sama da cibiya, sai kai ya riƙa rinjaya ƙasa. Ɗamara tana zama ne daidai inda ake so jiki ya lotsa. A ganina, in dai akwai kogi ko tafki kusa da filin sauka, ɗamarar da aka ɗaura a kan riga ita ce zaɓi.

Sai dai duk inda aka ɗaura ta, akwai wurare uku da ba a yi musu shamaki. Mariƙin fitar da babbar laima yana ƙasan jaka ta baya, wajen hannun dama. Na yanke babbar laima idan ta cuɗe yana ƙirji ta dama, na laimar ko-ta-kwana ta hagu. Ɗamarar da ta zame sama ta rufe ɗaya daga cikinsu, ko wadda jelarta take reto har za ta iya naɗe igiyar laima, ta fi rashinta muni. A gwada ta a ƙasa da cikakkun kaya, a kwanta rub da ciki, a lanƙwasa, a taɓa kowane mariƙi bi da bi.

Kuma nauyin ba ya ɓacewa bayan laima ta buɗe. Masu wasan suna auna lodin laima ta hanyar raba jimlar nauyi a laba da faɗin laimar a ƙafa murabba'i. Matar da muka yi misali da ita tana da laba 143, a ƙarƙashin laima mai ƙafa 150 lodinta 0.95. Da kilo 5 ya koma 1.03, da kilo 10 ya kai 1.10. Wannan ƙarin lodi ne da malamai suke so ɗalibi ya yi shi a hankali, bayan sauka masu yawa, ga shi ɗamara ta yi masa shi a rana ɗaya. Laimar za ta fi gudu, ta fi saurin nutsewa a kwana, ƙafa kuma ta fi jin ƙasa. Laimar ko-ta-kwana ma tana da iyakar nauyi a rubuce a jikinta, kuma dalmar tana cikin lissafin. Haka nan matuƙin ƙaramin jirgi irin Cessna 182, mai ɗaukar masu tsalle huɗu, yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiyar nauyin da aka shigo masa da shi.

To, a saya ko a ɗinka? Telan da ya saba ɗinkin tamfol ko jakar makaranta, mai keken da ke huda yadi mai kauri, zai iya ɗinka wadda ba ta gaza ta kanti ba, muddin an ba shi yadi da zare da kan ɗamara na gaske. Ta hannu ma tana da kyau idan an duba ɗinkinta, domin mutane suna sayar da ita da zarar sun ƙware ko sun canza ƙungiya. Kafin duk wannan, a ari ta wani a yi tsalle da ita, a fara da kilo biyu, a san adadin da ake buƙata. A rage kuɗi wajen abin cikawa da kwalliya, kada a rage a zare da kan ɗamara. Kusan kowane filin tsalle yana da ƙwararren mai naɗe laimar ko-ta-kwana da gyaran kaya, wanda a Amurka doka ta sa a kai masa laimar duk kwana 180. Kai masa ɗamarar ya duba kafin ka hau jirgi da ita, kuma in ya ce a farke a sake, a farke.