Kwamfuta a Masana'antar Shinkafa: Wa Ya Ci Riba, Wa Aka Bari a Baya?

Shekarun baya, uwargida ba ta ɗora shinkafar gida a wuta sai ta zauna da faranti ta tsince tsakuwa. Yau buhun da ke fitowa daga manyan kamfanonin Kano, irin su Umza da Tiamin, yana gogayya da 'yar waje. Me ya kawo wannan sauyi?

Da farko kasuwa ce ta buɗe. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dala a farashin gwamnati, sannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Masu jari suka ga dama, suka sayo injinan zamani. Mafi tasiri a cikinsu ita ce na'urar tantance launi. Shinkafa na zubowa a gaban kyamarori, kwamfuta na gane baƙar ƙwaya da duk wani baƙon abu, iska mai ƙarfi ta fyaɗe shi gefe. Aikin da mata da yawa za su wuni suna yi, na'urar kan gama shi cikin mintoci, kuma buhun yau daidai yake da na gobe.

Sai dai a Gwarzo da Kabo labarin daban ne. Manomi yana noma shanshera, amma ƙananan injinan casa na yankin ba su da wannan na'ura. Na'urar da kayan gyaranta da dala ake sayensu, tana son wuta tsayayya da ƙwararren mai kula. Don haka shanshera mai kyau takan bi mota zuwa birni, ribar gyara ta tsaya can, mata masu turara shinkafa kuma su rasa masu saye.

Akwai kuma iyakar abin da kwamfuta ke iyawa. Tana ware mara kyau, ba ta mayar da shi mai kyau. Idan an shanya shanshera a ƙasa, ko an haɗa iri daban-daban a buhu ɗaya, abin da za a zubar ya yi yawa, kamfani kuma ya karya farashi. Asarar a kan manomi take ƙarewa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu injinan Gwarzo da Kabo su haɗa jari su mallaki na'ura ɗaya ta haɗin gwiwa, gwamnati ta horar da matasan da za su gyara ta, manomi kuma ya fara kiyaye inganci tun daga masussuka.