Wa Ke Kula da Gawar Soja?

Tambaya: Wani mai sauraronmu daga Unguwar Kanawa, Kaduna, ya ce don Allah, shin sojoji na da masu kula da gawa nasu na kansu? Mene ne aikinsu?

Amsa: To malam, akwai su mana. Suna ƙarƙashin sashen lafiya na rundunar, kamar a Asibitin Sojoji na 44 da ke nan Kaduna. Aikinsu mafi nauyi shi ne tantance ko gawar wane ne, ta lambarsa ta soja da shaidar abokan aikinsa, domin bam yakan ɓata kamannin mutum. In aka yi kuskure a nan, ka ga an miƙa wa uwa ɗan wata. Daga nan sai ɗakin sanyi. Musulmi a yi masa sutura da wuri, wanda za a kai nesa kuwa a yi masa allurar hana ruɓewa.

Kai, ko abokin gaba ma ba a yar da shi. Manjo Nzeogwu, jagoran juyin mulkin 1966 da aka kashe Sardauna, ya mutu kusa da Nsukka a 1967 yana yaƙi a ɓangaren Biyafara. Duk da haka Gowon ya sa aka kawo gawarsa makabartar sojoji ta Kaduna, aka binne shi da girmamawar soja.