Gubar Da Ido Ba Ya Gani: Dalilin Kai Ƙasa Da Fenti Ɗakin Gwaji

 

Wasu 'yan'uwa daga Cité des Palmiers sun zo mana da tambaya. Wani bawan Allah ya ba su fili wakafi domin a gina Islamiyya, Allah Ya saka masa da alheri. Filin kuwa ya shekara da shekaru yana garejin gyaran motoci, kuma a gefe guda ana fasa tsofaffin batura. Sun share shi, sun kwashe ƙarafa, ƙasa ta bushe, babu wari. Tambayarsu ita ce: wurin yana da tsarki, za a iya salla da karatu a kai? Muka ce musu ta fuskar tsarki babu matsala, amma kada yaro ko ɗaya ya zauna a wurin sai an auna ƙasar. Sai muka ga amsar tana bukatar bayani, domin ba su kaɗai abin ya shafa ba.

Duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san yadda ake gane ruwan alwala: a duba launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙanshinsa. Idan babu wanda ya jirkita, ruwa yana nan da tsarkinsa. Wannan hukunci daidai ne, babu mai taɓa shi. Sai dai mutane sun kai shi inda malamai ba su kai shi ba, suna ganin duk abin da yake mai tsarki to ba ya cutarwa. Tsarki babi ne, aminci daga cuta wani babi ne daban. Ana samun ruwa garau, alwala ta inganta da shi, alhali akwai guba a ciki. Ana samun ƙasa busasshiya, taimama ta inganta da ita, alhali jaririn da ke rarrafe a kanta yana kwasar abin da zai lalata masa ƙwaƙwalwa. Dalma, wadda wasu ke kira darma, ita ce babban misali. Idan ta zama ƙura ta gauraya da ƙasa, ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta.

Abin da ya faru a Zamfara ya ishe mu darasi. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suna zagayen ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suna sa ido kan cutar sanƙarau, sai suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. An zaci sanƙarau ne, ba ita ba ce. Sai da aka ɗebi jinin wasu yara aka aika ɗakin gwaji a Turai, sannan aka gane dalma ce. A ƙauyuka biyu da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida, sun samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda aka ƙiyasta sun rasu a annobar ta kai yara 400 ko fiye. Allah Ya sa masu ceto ne ga iyayensu.

Daga ina ta fito? Daga neman halal. Farashin zinare ya tashi, mutanen Dareta da Yargalma da Abare da Bagega da maƙwabtansu suka shiga haƙo dutse. Suna kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke wasa, inda uwa ke tankaɗe. Dutsen yankin kuwa cike yake da dalma. Da aka auna ƙasar wasu wuraren, an samu fiye da miligiram 100,000 na dalma a kilo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar zallar dalma ce. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara miligiram 400 ne, kuma a farkon 2024 ta sauko da ma'aunin fara bincike zuwa 200. Mai karatu ya kwatanta da kansa.

A nan akwai abin da muke so ɗalibai su riƙe. Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci sun ƙi fara bai wa yaran gari wannan magani sai an tsabtace garin, domin a wanke jinin yaro a mai da shi kan ƙasar da ta cutar da shi, zuba ruwa ne a rariya. Saboda haka aka bi gida-gida da na'urar awo, aka kankare saman ƙasa, aka zuba a buhuna aka binne a wajen gari, aka kawo ƙasa mai kyau aka shimfiɗa, aka sake aunawa. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayyar Najeriya ta saki kuɗin aikin, yara suna jira ba magani. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan masifa ta ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Wani zai ce, to mu a Duwala ba ma daka dutsen zinare. Gaskiya ne. Amma batirin mota guda yana ɗauke da kilo da dama na dalma. Mai fasa shi yana zubar da ruwan batir a ƙasa, ya ciro farantan, wani ya narka su. Turɓayar wurin ta ɗauka, tufafin ma'aikacin su ɗauka, ya kai gida ya rungumi ɗansa. 'Yan'uwanmu da yawa a New Bell da kewaye suna cikin sana'ar gwangwan da gyaran mota, sana'a ce ta halal mai rufin asiri, ba muna zarginta ba ne. Ga kuma masana'antun narka batir a birnin. Wani bincike da aka buga a 2018 ya auna ƙasa a ciki da kewayen irin waɗannan masana'antu a ƙasashen Afirka bakwai, har da Kamaru da Najeriya da Ghana, ya samu dalma mai yawa har a wajen katanga, inda mutane ke zaune. Dalma kuwa ba ta ruɓewa. Ƙasashenmu sun daina sayar da fetur mai dalma tun wajen 2006, amma wadda ta sauka a gefen tituna kafin nan tana nan a cikin ƙasa.

Sai fenti. A 2013 aka buga sakamakon binciken da cibiyar CREPD ta Yawunde ta yi tare da wata ƙungiyar Amurka a kan sabon fentin da ake sayarwa a kasuwannin Kamaru. Kusan kashi biyu cikin uku sun wuce miligiram 90 a kilo, akwai ma wanda rabin nauyinsa idan ya bushe dalma ce. A 2017 gwamnati ta kafa dokar da ta hana wuce wannan iyaka ta 90. Dokar ta shafi abin da za a sayar nan gaba. Fentin da aka shafa wa ƙofofi da tagogi da bangon masallatanmu da makarantunmu kafin nan yana nan, yana ɓarewa da damshin Duwala, yana zama gari a kan tabarma. Ranar da kwamitin masallaci ya sa matasa su goge tsohon fenti da sanfefa kafin azumi, ranar ce ƙurar ta fi yawa. Haka tukwanen alminiyon da ake zubawa daga tsofaffin ƙarafan inji, waɗanda ake kira makokot: an auna na Kamaru, an samu da yawa suna sakin dalma a cikin girki.

Yanzu yaya ake awon? Hanya ta farko a wurin ake yi. Akwai na'ura ta hannu da ake kira XRF, mai kama da na'urar busar da gashi. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa ko bango, ta harba haske irin na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Kowane ƙarfe yana mayar da hasken da irin tasa alama, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa, na'urar ta karanta ta faɗi wane ƙarfe ne da kimanin yawansa, cikin minti ɗaya ko biyu. Da ita aka zana taswirar gidajen Zamfara, ɗaki-ɗaki. Amma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana rage mata daidaito, mu kuwa ruwan sama ba ya yanke mana.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗakin gwaji, kuma ita ce hujja. Ana busar da ƙasar, a tankaɗe, a auni ɗan kaɗan a dafa shi a cikin ruwan asid mai ƙarfi har ƙarafan da ke ciki su narke. Sai a shigar da ruwan cikin na'ura mai harshen wuta ko zafi mai tsanani, ta auna irin hasken da dalma ke haɗiyewa ko take fitarwa, ta kwatanta da wani ruwa da aka riga aka san adadin dalmar da ke cikinsa. Wannan kwatancen shi ne ruhin aikin. Mai awon hatsi ma sai mudunsa ya yi daidai da mudun kasuwa ake yarda da shi.

Na'ura duk ingancinta ba ta gyara samfurin da aka ɗebo ba daidai ba. Masu ilimin hadisi sun koya mana cewa idan isnadi ya yanke, kyawun matani ba ya tsirar da shi. Haka samfur: wa ya ɗebo, daga ina, yaushe, a cikin me, ta hannun wa ya bi. Ƙasar sama ake ɗiba, kamar kaurin yatsa ɗaya ko biyu, domin ita yaro ke taɓawa. A ɗiba daga wurare da yawa, inda aka fasa batir daban, bakin ƙofa daban, inda ruwa ke kwanciya daban, kowanne a sabuwar leda da sunansa a rubuce. Wanda ya je kusurwa mafi tsabta ya ɗebo cokali guda don sakamako ya yi kyau, kansa ya yaudara. Fenti kuma a kankaro shi har ƙasan shafe-shafen, domin tsohon da ke ƙarƙashi ya fi zama abin tsoro.

Ɗakin gwaji abin da aka tambaye shi yake amsawa. Wanda ya kai ruwan rijiya aka duba masa ƙwayoyin cuta aka ce babu, ba a ce masa babu dalma ba, gwaji ne daban. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta taɓa dalma. Zaiba da masu haƙar zinare ke amfani da ita a gabashin Kamaru tana da nata gwajin. Tsohon rufi da silin na asbestos da madubin ƙara girma ake duba su, kuma kada a farfasa su kafin nan. Don haka a faɗa wa masu gwaji tarihin wurin. Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana da sashen gwajin ruwa da abinci, jami'o'inmu suna da sassan ilimin sinadarai. A je a tambaya tukuna ko suna auna ƙarafa masu guba a ƙasa da fenti, da yadda suke so a kawo samfur.

Jinin yara kuma asibiti ne. Ana fara da ɗigon yatsa bayan an wanke hannu sosai, idan ya yi sama a tabbatar da jinin jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani marar lahani ga yaro, kuma daga maikurogiram 5 a kashi ɗaya cikin goma na litar jini a fara neman tushenta. A 45 ake maganar magani. Tsakanin nan da can yaro ba ya jijjiga, ba ya suma. Yana dai da ƙarancin jini, da saurin fushi, da nauyin fahimta. Da aka auna jinin ƙananan yara a Yawunde aka buga sakamakon a 2017, mafi yawansu sun wuce 5. Malaman allo su yi tunani a nan kafin su ɗaga bulala a kan yaron da hadda ta ƙi zauna masa.

Akwai mas'ala guda da ta shafe mu kai tsaye, wato kwalli. Sanya kwalli ya tabbata a sunna, kuma dutsen da aka ambata shi ne ismid. Amma yawancin baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a sayar a kasuwanninmu dutsen dalma ne, ido ba ya bambance su. A 2011 an samu jariri ɗan wata shida ɗan asalin Najeriya a birnin Boston na Amurka da dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Ra'ayinmu shi ne a daina sa wa jarirai kwallin da ba a san asalinsa ba. Abin mustahabbi ba a nemansa ta hanyar cutarwa, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ce cewa cuta kawar da ita ake yi. Haka farar ƙasar nan ta kalaba da mata masu ciki ke ci, an auna an samu dalma a cikinta, kuma dalma tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi.

Mu koma ga 'yan'uwanmu masu fili. Fiƙihu ya san komawa ga masana a abin da ya ɓuya: likita a kan ciwon da ke halatta ajiye azumi, masanin dabba a kan aibin da ke sa a mai da ciniki. Mai awon ƙasa yana cikinsu. Abin da muka ba su shawara shi ne su ware kuɗin gwaji daga cikin kuɗin gini kafin su sayi bulo. Idan sakamako ya yi ƙasa, alhamdu lillahi. Idan ya yi sama, fili bai lalace ba: a kankare inda ya fi muni a kai inda hukuma ta nuna, ba bakin kwata ko ƙofar maƙwabci ba, a rufe saura da ƙasa mai kyau, a dabe tsakar makarantar duka da siminti, a riƙa gogewa da tsumma mai ruwa maimakon shara da tsintsiya. Kada a haƙa rijiyar sha a wurin sai an auna ruwan. Takardar sakamakon kuma a ajiye ta tare da takardun wakafin, domin kwamitin da zai gaje su ya san abin da ke ƙarƙashin daɓen kafin wani ya ce a fasa a dasa bishiya.