Hanyar Wutar Fitila A Tsohuwar Mota

Jama'a, duk wanda ya taɓa tafiyar dare a mota ya san darajar fitila. Ana cikin gudu, in fitila ta ɗauke, nan take direba ya zama makaho. Ga rami, ga gada, ga shanu suna ƙetare hanya. Ran kowa da ke cikin motar ya rataya ga 'yar waya wadda ƙarfen cikinta bai fi kaurin tsinken ashana ba.

Saboda haka yau za mu koyi yadda wuta ke tashi daga batir ta kai ga fitila. Abu ɗaya muke so ku riƙe tun daga farko: wuta ba ta yin aiki sai ta sami hanyar zuwa da hanyar komowa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin wayarin.

Motar da za mu duba

Mun zaɓi wata tsohuwar mota mai suna Morris Minor, domin kome nata a fili yake, ba wuyar bi. A Ingila aka ƙera ta, a Kauli, kusa da birnin Okisfod. Sunan wanda ya zana ta Alec Issigonis. An fara yin ta a 1948, aka daina a 1971. An ƙera fiye da miliyan ɗaya da rabi, ita ce kuwa motar Ingila ta fari da ta kai miliyan. An shigo da ita Nijeriya, har ta yi aikin tasi a manyan garuruwa. Kayan wutarta na kamfanin Lucas ne, na birnin Bamingam.

Za mu fi duba irin da ake kira Minor 1000, wadda ta fito a 1956. Kun ga ko autarsu ta haura shekara 50 yanzu. Waya kuwa tana tsufa kamar mutum. Rigarta takan bushe ta tsage, mahaɗinta ya yi tsatsa.

Wuta sai ta je ta komo

Batir shi ne rumbun wuta. Na wannan mota mai bolt 12 ne, yana zaune a ƙarƙashin bonet. Yana da kai biyu, ɗaya da alamar tarawa (+), ɗaya da alamar ɗebewa (−). Wuta takan fita ta kai ɗaya, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, sa'an nan ta komo ta ɗaya kan. In hanyar ta yanke ko'ina, ko a zuwa ko a komowa, ƙwai ba zai kama ba.

To, a nan akwai dabara. Da za a ja wa kowace fitila waya biyu tun daga batir, da wayar ta yi yawa. Sai masu ƙira suka ce, ai jikin motar ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana ɗaukar wuta. Suka ɗaure kan batir ɗaya a jikin mota da wata kakkaurar waya. Kowace fitila kuma aka yi mata gajeriyar hanya zuwa jikin mota. Watau waya ita ce hanyar zuwa, jikin mota shi ne hanyar komowa. Wannan hanyar komowa ita makanikai ke kira at.

Ku lura da wani abu. Motocin yanzu kan ɗebewa ake ɗaure wa jiki. Amma Morris Minor ta fito daga ma'aikata da kan tarawa a jiki. Masu irin motar da yawa sun juya tasu daga baya, don su sa rediyo ko altaneta irin na zamani. Saboda haka kada a yi zato. A duba da ido a ga wane kai ne ke ɗaure da jiki kafin a sa batir.

Hanyar fitilu

Bari mu bi wutar kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.

Daga batir wuta tana zuwa makunnin fitila, wanda ke gaban direba. Makunnin nan mataki biyu gare shi. A mataki na fari, ƙananan fitilun gaba da jajayen baya suke kamawa, tare da 'yar fitilar lamba. A mataki na biyu, sai manyan fitilun gaba su ƙaru a kansu.

Wutar manyan fitilu ba ta miƙewa kai tsaye. Sai ta biya ta wani makunni na biyu da ke ƙasa, wanda direba ke takawa da ƙafar hagu. Nan hanya ta rabu biyu. Dalili kuwa, cikin kowane babban ƙwai akwai zare biyu. Ɗaya yana jefa haske nesa. Ɗaya yana sunkuyar da shi kusa, don kada a kashe wa mai zuwa ido. Wannan shi direbobi ke kira dim. In an taka sau ɗaya wuta ta bi wannan zare, in an sake takawa ta koma wancan.

Fitilar birki hanyarta dabam. Tana samun wuta ne bayan an murɗa makulli. Makunninta yana jikin bututun man birki. Da direba ya taka birki, man ya matsa makunnin, fitila ta kama. Ƙwan baya shi ma zare biyu gare shi: mai wat 5 na tafiyar dare, da mai wat 21 na birki. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Launin wayoyi

In kun buɗe bonet za ku ga wayoyi a ɗaure wuri ɗaya kamar damin kara. Kada ku ruɗe. Kowace waya tana faɗin aikinta da launin rigarta. Wanda ya iya karanta launi, kamar wanda ya iya karanta wasiƙa ne, ba mai yi masa ƙarya. Ga su:

Ruwan ƙasa: daga batir take. Kullum da wuta a cikinta, ko an zare makulli.
Ja: ƙananan fitilun gaba da na baya.
Shuɗiya: daga makunnin fitila zuwa makunnin ƙafa.
Shuɗiya mai ratsin fari: hasken nesa.
Shuɗiya mai ratsin ja: hasken kusa, watau dim.
Koriya: wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, ta biyo ta fis.
Koriya mai ratsin shunayya: fitilar birki.
Koriya mai ratsin ja: siginar hagu.
Koriya mai ratsin fari: siginar dama.
Baƙa: at, hanyar komowa.

Amma fa a yi hankali. Motar da ta shekara 50 ta ratsa hannuwa da yawa. Mai yiwuwa ne wani ya yi ƙari da kowace irin waya da ya samu. In aka ga ƙari, a bi wayar da hannu har inda launinta na asali ya bayyana.

Ɗan lissafi

A jikin kowane ƙwai an rubuta lamba biyu, bolt da wat. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta. Wat shi ne yawan cin ƙwan. Akwai na uku, am, watau yawan wutar da ke gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin kwalbati. In ana son a san am, sai a raba wat da bolt.

Ga misali. Ƙwai mai wat 60, batir mai bolt 12. A raba 60 gida 12, an sami 5. To, am 5 ke nan. Fitilun gaba biyu ne, sun zama am 10. Ƙananan fitilu huɗu masu wat 5 sun haɗa wat 20, ba su cika am 2 ba. Kun ga wajen am 12 ke bi ta cikin makunni ɗaya.

Yanzu a ce mai mota ya ga haskensa ya raunana, ya sayo ƙwai biyu masu wat 100. Sun haɗa wat 200. A raba gida 12, an kusa am 17. Waya ba ta ƙara kauri ba, makunni bai sake ba, amma an ƙara musu kaya. Jakin da aka labta wa kayan raƙumi, kun san ƙarshensa. Waya za ta yi zafi, rigarta ta narke.

Fis

Fis 'yar siririyar waya ce a cikin kwalba, wadda aka yi ta da rauni da gangan. In wuta ta yi yawa, ita ke fara ƙonewa, hanya ta yanke, mota ta tsira. Wuta takan yi yawa ne in waya ta saɓule ta taɓa jikin mota. Sa'an nan ta sami gajeriyar hanyar komowa ba tare da ta ratsa ƙwai ba, sai ta kwararo gaba ɗaya.

Fis biyu kaɗai ke cikin akwatin fis na wannan mota. Ɗaya na kayan da ke aiki ko ba makulli, kamar ham. Ɗaya na kayan da ke jiran makulli, kamar fitilar birki da sigina. Manyan fitilun gaba ba su bi ta ko ɗaya ba. In wayarsu ta saɓule, ba mai tsaronta. Shi ya sa masu kula da irin motocin nan a yau suke ƙara musu fis, da wani ɗan makunni mai aiki da kansa da ake kira rile, wanda ke ɗauke wa tsohon makunni nauyi. An fi so kowane gefe ya sami nasa fis, don in ɗaya ya ƙone ɗaya ya rage.

Wani abin lura kuma. Tsohon fis na Lucas da aka rubuta wa 35, ma'anarsa a am 35 yake ƙonewa, abin da yake ɗauka kullum kuwa wajen 17 ne. Fis na zamani lambarsa tana nuna abin da yake ɗauka ne. In aka sa na zamani mai 35 a gurbin tsohon, an sa wanda ya fi ƙarfin wayar.

Muna roƙonku, kada ku yarda a naɗa waya ko takardar kwalin taba a gurbin fis, balle ƙusa. Mai yin haka ya kori mai gadi ne don ya hana shi barci da ihu. Fis bai ƙone banza ba. A nemi dalili.

Neman ɓarna

Sau da yawa ɓarna ba a ƙwai take ba, a mahaɗi take, musamman na at. Wayoyin motar nan suna da kai mai kama da harsashi, wanda ake turawa cikin wani ɗan bututu mai rigar roba. Ruwa da ƙura suna shiga nan, tsatsa ta kama. Tsatsa kuwa tana tare wuta.

Ga alama ɗaya da za ku gane. An taka birki, sai fitilar baya ta yi ja kaɗan kamar garwashi, ƙananan fitilun gaba kuma suka ɗan kama alhali ba a kunna su ba. Ba aljanu ba ne. Kun tuna ƙwan nan mai zare biyu? At ɗinsa ne ya lalace. Wuta ta zo ta zaren birki, ta tarar hanyar komowa a toshe, sai ta ɓulla ta ɗaya zaren, ta bi jar waya tana neman jikin mota ta wata fitila. A kankare at ɗin, magana ta ƙare.

Kayan gwaji ba tsada. A sami ɗan ƙwai mai bolt 12, a haɗa masa waya biyu. Sa'an nan a bi wannan tsari:

1. A duba ƙwan da ya mutu, ko zarensa ya tsinke.
2. In fitilar mai fis ce, a duba fis.
3. A kunna makunni. A ɗora wayar gwaji ɗaya a jikin mota, inda ƙarfe yake fes ba fenti. Ɗayar a taɓa wayar da ke shiga fitilar.
4. In ƙwan gwaji ya kama, wuta ta iso. Laifin yana ga gidan ƙwai ko at.
5. In bai kama ba, a koma baya mahaɗi bayan mahaɗi. Inda ya fara kamawa, ɓarna tana tsakanin nan da wurin da aka baro.

In an gano wurin, kafin a sa sifana a cire kan batir wanda ke ɗaure da jikin mota. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa daga ƙarshe. In aka fara da ɗayan, sifana ta taɓa jiki, tartsatsi zai tashi ya ƙona hannu. A cire zobe da agogon ƙarfe. A goge mahaɗi da samfefa sai ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa masa ɗan giris. Inda waya ta ratsa hudar ƙarfe, a tabbata akwai robar da ke kare ta daga kaifi.

Ina hasken ya nufa?

Saura abu ɗaya. A Ingila hagun hanya ake bi, don haka fitilun da aka yi dominsu, in an yi dim, haske hagu yake karkata. Nijeriya ma hagu take bi a da, sai ran 2 ga Afrilu 1972 ta koma dama. Gana ta koma a 1974. To, tsohuwar motar da har yanzu ke da fitilunta na wancan zamani, dim ɗinta idon mai zuwa yake nufa. Wayarinta lafiya lau, amma tana iya jawo karo. Gwajinsa da sauƙi. Da dare a tsai da mota a wuri mai daidai, ta fuskanci bango, a yi dim. In hasken ya fi tashi ta hagu, a sake fitilun da irin na masu bin dama.

To, jama'a, kafin tafiyar dare a kunna fitilu duka, a kewaya mota a duba. A sa yaro ya tsaya a baya, a taka birki, ya faɗi abin da ya gani. Aikin minti biyu ne. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ta ina wuta ke komowa batir?
2. Wane launi ne wayar dim?
3. Ƙwai mai wat 24 a batir mai bolt 12, am nawa ke nan?
4. Don me aka hana sa ƙusa a gurbin fis?
5. Wane kan batir ake fara cirewa, don me?